Ba tsoro ne ya jefa McIlroy ruwa a rami na 13 ba

Wallahi maganar nan ta ishe ni. Wani ƙanenmu ya yanko guntun bidiyon rami na 13, inda ƙwallon ɗan wasan golf Rory McIlroy ta gangara cikin rafi a ranar ƙarshe ta gasar Masters ta 2025, ya rubuta a ƙasa wai tsoro ne ya ci shi, wai da ya kai hari tun bugu na biyu da bai shiga wannan halin ba. Sai ga jama'a sun yi caa suna cewa haka ne. Har da waɗanda muka raba dare tare ranar Lahadi, zafin Afrilun Garwa na gasa mu, suka ga komai da idonsu har bayan sha biyun dare. To ba haka ba ne. Shawarar da ya yanke a ramin nan daidai ce, kuma ko gobe aka mayar da shi wurin yana gaba da kowa, abin da ya kamata ya sake yi ke nan.

Rami na 13 a Augusta, filin da ake buga Masters a Amurka, ramin bugu biyar ne, wato bugu biyar ne ƙa'idar kai ƙwallo cikinsa. Rafi ya bi gefen hagunsa, sannan ya ratsa ta gaban dandalin da tuta take. Mutum yana kan gaba, ramuka shida suka rage tsakaninsa da koriyar kwat ɗin da ake ba zakaran Masters, wadda ya yi shekara da shekaru yana nema. Me yake buƙata a nan? Bugu biyar na ƙa'ida, ya wuce abinsa. Sai ya ajiye ƙwallo kafin ruwa, abin da ya rage masa bai kai yadi 90 ba, nisan da irinsa ke bugawa kullum a wurin atisaye. Hagu da tutar fili ne fetal. Bugu na uku ne ya ɓaci, ƙwallo ta karkace dama ta faɗa rafi, ya tashi da bakwai. Hannunsa ne ya saɓa. In kuna son ku zarge shi, ku zarge shi da cewa bai auna hagu sosai ba, ma'ana taka-tsantsan ɗin ma bai isa ba. Ku kuwa kun juya maganar, kuna cewa ya yi yawa.

Ana auna shawara ne da abin da mutum ya sani kafin ya ɗaga sanda. Bayan ƙwallo ta sauka kowa malami ne.

Ai a wannan filin dai, a 2007, Zach Johnson ya ci Masters bai taɓa ƙoƙarin kaiwa dandali da bugu biyu ba a duk ramukan bugu biyar, kwana huɗu cur. Kullum sai ya ajiye kafin ruwa, ya ɗauko ƙaramar sanda. A waɗannan ramukan kaɗai ya yi bugu 11 ƙasa da ƙa'ida, kuma Tiger Woods na cikin waɗanda ya bari a baya. Shi ma matsoraci ne?

Na san daga inda matsalar take. Mun taso da ƙwallon ƙafa, da idonta muke kallon komai. In Coton Sport na gaba da ci uku a Roumdé Adjia saura minti goma, an gama, sai a riƙe ƙwallo a ci lokaci har alƙali ya hura. A golf babu agogon da zai cece ka. Ramuka 72 ne, dole ka buga kowane ɗaya da hannunka, kuma rami ɗaya tak zai iya cinye abin da ka tara a kwana uku. Shi ya sa wanda ke gaba aikinsa na farko shi ne ya toshe ƙofar babbar ɓarna. Ƙarin bugu ɗaya a rami ana warkewa daga shi. Ƙarin uku ko huɗu ne ke kashe mutum.

Ku da kuke son jarumta, ku je ku nemi abin da ya faru a Carnoustie a 1999. Jean van de Velde, Bafaranshe, ya tsaya a rami na ƙarshe na gasar Open yana gaba da bugu uku. Ramin bugu huɗu ne. Ko shida ya yi, kofi nasa ne, kuma da ya zama Bafaranshe na farko da ya ci gasar tun Arnaud Massy a 1907. Ƙananan sanduna kawai zai ɗauko, ya taka a hankali, bugu uku zuwa dandali, ya ƙarasa da biyu ko uku. Ina! Ya zaro babbar sanda, ƙwallo ta yi dama, Allah ya tsare ba ta shiga ruwa ba. Wannan gargaɗi ne, bai ji ba. Bugu na biyu ya sake kai hari, ƙwallo ta daki rumfar 'yan kallo ta dawo cikin doguwar ciyawa. Na uku ya faɗa rafin Barry Burn. Duniya na kallo ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando ya shiga ruwa yana tunanin bugowa daga ciki, daga baya ya haƙura ya karɓi tara. Na gaba ya faɗa ramin yashi. Da ƙyar ya tashi da bakwai, aka tafi raba gardama, Paul Lawrie ya ɗauke kofin, mutumin da ya fara ranar yana baya da bugu goma. Ni duk lokacin da na kalli wannan bidiyon tausayi yake ba ni, don mutumin ya buga ramuka 71 fiye da kowa a duniya a wannan makon. Abin da kuke cewa ya kamata McIlroy ya yi, shi Van de Velde ya yi. Kun ga inda ya kai shi.

Sannan ku kalli Tiger a Masters ta 2019, yana ɗan shekara 43, bayan tiyata da yawa a bayansa. Rami na 12, ɗan gajeren nan mai yadi 155, ruwa a gaba, iska na juyawa yadda ta ga dama, tutar ranar Lahadi a can dama inda haɗarin yake. Koepka ya shiga ruwa. Poulter ya shiga. Molinari, wanda ke gaba da bugu biyu, ya shiga. Finau ya shiga. Tiger bai ko kalli tutar ba, ya auna tsakiyar dandali, ya ƙarasa da bugu biyu, ya tashi da uku na ƙa'ida. Ba a yi masa wani ihu na musamman a kan wannan bugun ba, amma a nan gasar ta juya. Da ya zo rami na 18 yana gaba da biyu, bai nemi burge kowa ba, ya karɓi ƙarin bugu ɗaya, ya ci da tazarar ɗaya. Kofi ba ya tambayar da nawa ka ci. Shi ne dai mutumin da a gasar Open ta 2006 a Hoylake sau ɗaya tak ya taɓa babbar sanda a ramuka 72, don ya ga ramukan yashin filin ba abin wasa ba ne, kuma ya ci. Wa zai kira Tiger matsoraci a cikinku?

Za ku ce to rami na 15 fa? Ai can McIlroy ya kai hari, ya lanƙwaso ƙwallo ta gefen itatuwa ta tsallake ruwa ta tsaya dab da tuta, kuma shi ya dawo da shi. Haka ne, bugu ne da za a daɗe ana tunawa. Amma ku dubi allo a lokacin. Tazarar da ta taɓa kaiwa bugu huɗu ta riga ta narke, Justin Rose na can gaba yana zuba ƙwallaye a rami kamar ba gobe, har ya gama ranar da 66. A 13 yana da abin karewa, a 15 ba shi da shi. Lissafi ɗaya ne ya ce masa tsaya a can, ya ce masa kai hari a nan. Wannan ba ya rushe maganata, ƙarfafa ta yake yi.

Wasu kuma sun kawo mini Bryson DeChambeau, mai buga ƙwallo da nisa, wai zamani ya canja, yanzu ƙarfi da nisa ke ci. Ba na musun cewa nisa na da amfani, ya ci US Open sau biyu, a 2020 da 2024. Amma shi ne ya ce a 2020 filin Augusta a wurinsa na bugu 67 ne, ba 72 ba, kuma a wannan shekarar ko cikin talatin na farko bai shiga ba. Ranar Lahadin nan ma tare suka fita da McIlroy a rukunin ƙarshe, ya tashi da 75. Mu bar wannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya maganar da ke yawo a majalisa, wai duk wanda ya kwana kan gaba ranar Asabar ya riga ya ci. A kan wannan tunanin ne yaranmu suke zuba sefa a caca ta waya, kuɗin da wani ya wuni a rana kan babur ya tara. Caca haramun ce, wannan ba sai na faɗa muku ba. Amma ko ta fuskar hankali kawai, ba ku san wasan ba. A gasar Masters ɗin nan, Greg Norman ya shiga ranar ƙarshe a 1996 yana gaba da bugu shida, ya yi 78, Nick Faldo ya yi 67, aka doke shi da biyar. Jordan Spieth a 2016 yana gaba da biyar saura ramuka tara, ya jefa ƙwallo biyu a ruwan rami na 12, ya tashi da bakwai, Danny Willett ya sa kwat. Shi kansa McIlroy a 2011 da tazarar huɗu ya kwana, ya yi 80, Charl Schwartzel na Afirka ta Kudu ya ci. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 2025 Scottie Scheffler ne na ɗaya a duniya, shi ke riƙe da kwat ɗin 2024, kowa shi yake kira, na huɗu ya zo. Jack Nicklaus da ya ci manyan gasa 18, sau 19 ya zo na biyu. In wanda ya fi kowa a tarihi ya zo na biyu fiye da yadda ya ci, kai da wayarka a bakin titi me ka sani da za ka ce tabbas?

McIlroy ya ci, alhamdu lillahi, na ji masa daɗi har zuciyata. Shekara goma sha ɗaya ba babban kofi, ga shi ya shiga sahun mutum shida kacal da suka haɗa manyan gasa huɗu: Sarazen, Hogan, Gary Player ɗan nahiyarmu, Nicklaus, Tiger, sai shi. Ya ci ne duk da ya yi ƙarin bugu biyu a ramuka huɗu cikin makon, don 66 da 66 da ya yi Juma'a da Asabar sun ba shi abin faɗuwa a kai. Kada wani yaro ya kalli wannan ya ɗauka hanya ce. Ba kowa ke da wannan hannun ba. Ƙanena, in kana karanta wannan, ka gyara rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon nan, don mutane da yawa daga wurinka suka fara jin labarin wasan.

Kuma wani abin da ke damuna, duk wannan gardamar da muke yi a kan Turawa, mutum nawa ne a cikinmu ya san Issa Nlareb? Ɗan Kamaru ne, a filin golf na Yawunde ya taso, daga ɗaukar jakar wasu har ya zama ƙwararren ɗan wasa. A 2018 sanƙarau ta kama shi, aka yanke masa ƙafafu biyu da yawancin yatsun hannu. Mutumin nan ya tashi, ya koma fili da ƙafafun roba, yana fafatawa a gasar nakasassu har Amurka. Sanƙarau ɗin nan da mu mutanen Garwa da Marwa da Kuseri muka fi kowa saninta, wadda ke zuwa a irin wannan lokacin na zafi da ƙura, wadda har yau akwai gidajen da ake kai ruwa rana kafin su yarda a yi wa yara allurar riga-kafinta. Na leƙa shafukanmu na wasanni, hoton DeChambeau ya fi goma, nasa ko ɗaya babu. Duk mai bidiyonsa ya sa mini a ƙasa don Allah, ina so in nuna wa yaran gidanmu.