Tari ba iri ɗaya ba ne, ko a wajen Sinawan da ake jingina wa kwalbar

Duk shekara da hunturu ya kankama, ƙura ta tashi, sai tallan "maganin tari na ƙasar Sin" ya cika zaurukan WhatsApp. Kwalba ɗaya ce ko ƙunshi ɗaya, wai tana maganin tarin yaro da na tsoho, busasshe da mai kaki, har asma da tarin fuka. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin ilimin da ake fakewa da sunansa ya ginu ne a kan kishiyar wannan da'awa.

Tsohon littafin likitancin Sinawa, Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya ware babi guda a kan tari. A ciki aka ce ba huhu kaɗai ke sa mutum tari ba, kowace gaɓa ta cikin jiki tana iya jawo shi. Daga nan likitocinsu suka ɗauki ɗabi'ar tambaya. Kafin a ba ka ko ganye ɗaya, sai an duba harshenka, an taɓa jijiyar hannunka, sannan a yi maka tambayoyin da za su iya gundurarka. Yaushe tarin ya fi tsananta, da asuba ko da dare? Kana jin sanyi ko zazzaɓi? Kana gumi? Ƙishirwa fa? Kakin fari ne ko rawaya, ruwa-ruwa ne ko mai kauri, yana fita da sauƙi ko sai ka yi ta kakari?

Da amsoshin nan suke raba tari. Wanda sanyi ya kama, jikinsa na ciwo, ba ya gumi, kakinsa fari tsararo, suna cewa iska mai sanyi ce ta shige shi, sai a ba shi abubuwa masu ɗumama jiki irin su citta. Wanda maƙogwaronsa ke zafi, yana jin ƙishirwa, kakinsa rawaya mai danƙo, wannan iska mai zafi ce, kuma a wajensu ba shi citta ƙara wa wuta makamashi ne. Akwai kuma busasshen tari, wanda kaki ba ya fita sai ƙaiƙayi a wuya. Shi ne suke turara wa ɗan itacen li mai ruwa-ruwa, wanda Turawa ke kira pear, tare da sukari da garin wata saiwa da ake kira chuan bei mu. Shahararren likitansu Zhang Zhongjing, wanda ya rayu a ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya rubuta haɗe-haɗe daban-daban na waɗannan halaye, kuma har yau ɗaliban likitancin gargajiya a Sin suna haddace su.

Maganar kaki ita ta fi jan hankalina. Suna da wani zance da kowane ɗalibi ya sani, cewa a saifa ake ƙera kaki, huhu rumbu ne kawai da ake tara shi. Saifa a nan suna nufin duk aikin narkar da abinci. Don haka mai yawan kaki, wanda ƙirjinsa ke masa nauyi, cikinsa na kumburi, harshensa da farin danƙo, ba a tsaya ga ƙirjinsa ba. Za a ce ya rage maiƙo da zaƙi da abin sanyi, a ba shi haɗin Er Chen Tang, wanda ya fito daga kundin magungunan gwamnatin daular Song. Ginshiƙansa huɗu ne: saiwar ban xia, busasshen ɓawon lemu, wani nau'in naman kaza da ake kira fu ling, da saiwa mai zaƙi gan cao. Ɓawon lemun nan ba na jiya ba ne. Mafi daraja shi ne na Xinhui a lardin Guangdong, wanda ake ajiyewa aƙalla shekara 3 kafin ya amsa sunansa, kuma yadda ya daɗe haka kuɗinsa ke hawa.

To, ni ban yarda saifa ce ke ƙera kaki ba. Hanyoyin numfashi ne ke fitar da shi don su kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Launinsa ma ba hujja ba ce mai ƙarfi: kaki yana komawa rawaya ko kore ne saboda ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta da suka taru a cikinsa, kuma hakan na faruwa ko a murar da za ta warke da kanta. Gwaje-gwajen zamani da aka yi wa yawancin haɗe-haɗen nan ƙanana ne, ba su kai a kafa hukunci da su ba. Amma ina girmama abu ɗaya, kuma shi nake so mu ɗauka. Mutanen nan sun zauna sun lura da marar lafiya, sun bambance, sun rubuta, wanda ya zo baya ya gyara na gabansa. Li Shizhen ya kwashe kusan shekara 30 yana haɗa kundinsa Bencao Gangmu, mai magunguna 1,892, wanda aka buga a 1596 bayan rasuwarsa, kuma a cikinsa ya yi ta gyara kura-kuran magabata.

Rubutun nan shi ya ba masu bincike abin kamawa. Ma huang, wani tsiro da Zhang Zhongjing ke bai wa mai tari da sarƙewar numfashi, daga cikinsa wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya tace sinadarin efedrin a 1885. A 1924, a birnin Beijing, Chen Kehui da Carl Schmidt suka bayyana yadda yake aiki a jiki, ya zama maganin asma a duniya na tsawon shekaru. Haka masaniya 'yar Sin Tu Youyou ta bi wani tsohon rubutu na Ge Hong, wani likitansu na da, ta gano atemisinin, tushen maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha a gidajenmu, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Duka biyun sai da aka tace, aka auna, aka gwada, aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa.

Na san abin da wasu za su ce. Ai ganye ne, ganye ba ya cutarwa, kuma abin da aka yi dubban shekaru ana sha ba zai zama guba ba. Don Allah a daina faɗin haka. Ma huang ɗin nan yana hau da jini, yana sa zuciya bugawa da sauri, kuma bayan mutane sun mutu ne Amurka ta haramta shi a cikin ƙwayoyin rage ƙiba da ƙarin kuzari a 2004. Ɗanyen ban xia guba ne mai ƙona baki da maƙogwaro, sai an sarrafa shi da citta ko alif kafin ya shiga magani. Ƙwallon xing ren mai ɗaci, wanda suke yawan sa wa a maganin tari, yana sakin gubar sayanaid a jiki idan ya yi yawa. Gan cao mai zaƙin nan, idan aka daɗe ana sha, yana tayar da hawan jini, abin da da yawa daga iyayenmu ke fama da shi ba su ma sani ba.

Mafi muni shi ne wani tsiro da ake kira ma dou ling. Ƙarni bayan ƙarni ana ba da shi don tari da kaki. Sai a farkon shekarun 1990, a Beljiyam, mata fiye da 100 da suka sha wani haɗin rage ƙiba mai ɗauke da ɗan'uwan wannan tsiro suka kamu da ciwon ƙoda, da yawa ƙodarsu ta mutu gaba ɗaya, wasu kuma daga baya aka same su da ciwon daji a mafitsara da hanyar fitsari. Gubar ba ta nuna kanta a ranar da aka sha, shi ya sa tsofaffin likitoci ba su kama ta ba duk da lurarsu. Hukumomin Sin da kansu sun hana wasu daga cikin dangin tsiron, kuma a kundin magungunan ƙasar na 2020 an cire ma dou ling. Idan masu abin sun iya cire maganin kakanninsu saboda hujja ta bayyana, ban ga dalilin da zai sa mu a Kano ko Maraɗi mu fi su kishinsa ba.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sarin kaya, ku ne kuka fi kusa da wannan lamari. Abin da wani likita ya haɗa wa mutum ɗaya bayan ya duba harshensa, ba haja ba ce da za a cika jaka da ita a zo a raba wa unguwa. Ƙunshin da rubutunsa duk da Sinanci ne, babu lambar NAFDAC, babu wanda zai iya karanta maka abin da ke ciki, kada ka bai wa mai juna biyu, kada ka bai wa yaro, kada ka bai wa mai hawan jini ko ciwon ƙoda. Tarin mura na 'yan kwanaki, ruwan ɗumi da zuma sun wadatar, ban da jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, shi ba a ba shi zuma.

Inda zuciyata ta fi ƙuna shi ne tarin fuka. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, kuma kwalba mai zaƙi tana iya lafar da tarin har mutum ya zaci ya samu sauƙi, alhali yana nan yana shafa wa matarsa da 'ya'yansa a ɗaki ɗaya. A Sin ɗin ma, mai tarin fuka magungunan asibiti na wata 6 ake ɗora shi a kai. Tarin da ya kai mako 2, ko ya zo da rama, gumin dare, ko jini a kaki, a kai kakin asibiti a gwada. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.