Minti 44 ina magana ni kaɗai

Ranar da aka zo duba ajina na shiga da ƙwarin gwiwa, don kwana biyu na yi ina shirya darasin. A sashenmu nan Amurka, ɗalibin digiri na uku sai an ɗora masa ajin kalkulas, wani reshen lissafi, na 'yan shekarar farko, kuma sau ɗaya a zango wata farfesa takan zauna can baya ta ga kamun ludayinsa. Na raba allo gida uku yadda na ga malamanmu na yi. Na rubuta ma'ana, na rubuta ƙa'ida, na kafa hujja layi bayan layi, na kai ƙarshe ana saura minti ɗaya ba tare da na goge ko harafi ba. Na fito ina cewa a raina, da a gida ne aka ga allon nan da an jinjina mini.

A ofishinta sai ta turo mini wata takarda mai gida-gida. Ashe duk bayan minti biyu tana sa alama: me malami ke yi, me ɗalibai ke yi. Layin bayanin malami ya cika maƙil, layin sauraron ɗalibai ya cika maƙil, sauran fayau. Minti 44 cikin 50 muryata ce kaɗai a ɗakin. Na yi tambaya sau bakwai, shida ni na amsa wa kaina kafin kowa ya buɗe baki. Ta yi murmushin nan nasu da ba ka gane gabansa bare bayansa, ta ce, "Lissafinka babu kuskure ko ɗaya. Amma ban da kai, wa ya yi lissafi a ajin nan yau?"

Kwana na yi ina juya maganar.

Mako na gaba na je kallon nata ajin. Ɗakin ma ba shi da gaba ba shi da baya. Tebura ne zagayayyu, mutum shida-shida, kujerun masu taya, bango huɗu duk farin allo ne, kowane tebur da kofin alƙaluman rubutu a allo. Yaran na kiranta da sunanta gatsau, wani ya miƙe ƙafa a kan kujera yana yi mata gardama. Ta haska tambaya ɗaya tak: 0.999…, tara na maimaituwa ba iyaka, daidai yake da 1 ko ya gaza kaɗan? Kowa ya zaɓa ta wayarsa, sakamako ya fito a bango, aji ya rabu kusan biyu. Ba ta faɗi amsa ba. Cewa ta yi kowa ya nemi wanda suka saɓa ya shawo kansa. Ɗaki ya kaure. A teburin kusa da ni wata yarinya ta rubuta 1/3 = 0.333…, ta ce da abokin gardamarta ya ninka kowane ɓangare sau uku. Ya ninka, ya yi shiru, sannan ya ce ya ga hujjar amma zuciyarsa ba ta yarda ba. Farfesar da ke wucewa ta tsaya ta ce, to in lambobin biyu daban suke, ya kawo lamba ɗaya da ke tsakaninsu. Ta bar shi nan yana nema.

In za a faɗi gaskiya, masu wannan hanyar koyarwa suna da hujja a hannu. Jefa ƙuri'a sannan a yi gardama da maƙwabci hanya ce da Eric Mazur ya fito da ita a ajinsa na fiziks a Harvard farkon shekarun 1990. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya, injiniyanci da lissafi na jami'o'i. Inda lakca ce zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki a cikin aji, kusan kashi 22. Tun shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta auna cewa malami kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan ya yi tambaya, kuma in ya daure ya kai uku, amsoshi sukan ƙaru su kuma yi tsawo. Wanda ya fi sosa mini rai shi ne binciken 2019, shi ma a Harvard: ɗaliban da aka yi wa lakca mai daɗi sun fi jin cewa sun koyi abu, amma a gwaji waɗanda aka sa wahalar warwarewa da kansu ne suka fi ci. Ni kuwa yabon ɗalibai na cewa bayanina na fita sarai shi ne abin tinƙahona.

Ba sai na faɗa wa kowa yadda lakcar lissafin ajin farko take a gida ba, duk mun tsaya a taga muna kwafa daga littafin na gaba. Ba na kare wannan. Sai dai ina jin haushi in ana zancen a nan kamar malamin da ke lakca bai san abin da yake yi ba ne. A ba farfesar nan ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, ba lasifika, ba mataimaki, takardun jarrabawa ita kaɗai za ta maka, sannan mu ga inda kujeru masu taya za su kai ta. Kuma masu hanyar ba duka waliyyai ba ne. R. L. Moore, wanda ake kafa misali da shi wajen hana ɗalibai littafi a sa su kafa hujja da kansu, ya shekara kusan hamsin a Jami'ar Texas yana ƙin karɓar baƙar fata a ajinsa.

Inda na tsaya cak a karatun shi ne aikin Uri Treisman. A tsakiyar shekarun 1970 a Jami'ar California da ke Berkeley ya so ya san me ya sa ɗalibai baƙar fata ke faɗuwa kalkulas alhali 'yan asalin Sin na haye ta. Ya bi mutum ashirin daga kowane ɓangare har ɗakunan kwanansu. Ya tarar ba ƙwazo ne baƙaƙen suka rasa ba, su kaɗai suke karatu, kowa ya kulle ƙofa da matsalarsa. Su kuwa 'yan Sin, bayan kowa ya yi nasa, sai su haɗu da yamma su duba aikin juna, su yi musu, su gyara. Daga nan ya kafa zaman rukuni na warware tambayoyi masu wuya, jami'o'i da yawa suka kwafa.

Na ajiye takardar na yi dariya ni kaɗai. Wannan ai totoriyal ɗinmu ne na dare.

Wa ya koyi kalkulas a zauren lakca? Can muke kwaso rubutu, koyo sai dare, a ajin da ba kowa, da guntun allin da wani ya tsinto. Namu wani ɗan aji huɗu ne, Malam kawai muke ce masa, ko sisi ba ya karɓa. Bai taɓa warware tambaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Zai miƙa maka alli ya koma kan benci, in ka kauce ya bar ka ka yi nisa, sai wani daga baya ya ce kai, a layi na uku ka yi ɓarna. Ma'anar iyaka a kalkulas, da ake rubutawa da haruffan efsilon da delta, wadda na haddace na kuma rubuta a jarrabawa ban san me nake rubutawa ba, shi ya warware mini ita da Hausa: "Mutumina, efsilon naka ne, delta nawa ne. Faɗi kusancin da kake so, komai ƙanƙantarsa, ni kuma in gaya maka iya inda za ka matso." Shi ke nan. Shekaru nake neman yadda zan faɗa wa yaran nan haka da Turanci, kullum sai ta fito a sanƙare. A zaman nan ba ka jin kunyar cewa ban gane ba, don da bakin da ake tsokanarka da shi ake yi maka bayani. Babu wanda ya taɓa zama a baya da takarda yana ƙirga mintunan Malam, shi ya sa sunansa ba ya cikin kowace mujalla.

Yanzu in na yi tambaya a aji nakan rufe baki in ƙirga goma a zuci, da Hausa nake ƙirgawa. Yawanci wajen bakwai wani kan motsa.

Kwanan baya na nemo lambar Malam na kira shi. Ya daɗe da barin lissafi, aikin ofis yake yi. Na ce masa abin da yake yi mana da daddare a nan har suna gare shi, mutane na zama farfesa a kansa. Ya yi dariya har da tari, ya ce in gaya musu su aiko masa da kasonsa. Sannan ya ce, "To kai yaushe za ka dawo?" Na ce sai na gama. Ya ce haka na faɗa wa ƙanensa shekara uku da suka wuce.