Ba'amurke ma baƙo ne a Turai

Abin da na gaji da ji kenan, wai ɗalibin Amurka in ya tafi karatu Turai kamar ya koma gida ne, ai duk Turawa ne, al'adarsu ɗaya. Na gane dalilin masu faɗa, daga nesa kam sai ka ga kamanni da sutura duk iri ɗaya.

Amma fa ba haka abin yake ba. Fasfonsa kwana 90 kawai yake ba shi cikin 180 a yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake zirga-zirga tsakaninsu ba tare da binciken kan iyaka ba, karatun da ya wuce haka sai ya nemi bizar ɗalibi ko izinin zama, ya kai takardar makaranta da shaidar yana da kuɗin riƙe kansa kamar kowa.

Ɗauki wanda ya sauka Madrid, a gida ya saba cin abincin dare wajen ƙarfe 6, can kuwa mutanen gidan da aka sauke shi sai 9 ko 10 za su zauna ci, na rana ma sai 2 ta wuce, ga lakca da Sifaniyanci in kwas ɗin nasu ne, ga mai kanti ba lallai ya ji Ingilishi ba. Makonnin farko yunwa da kewar gida ne ke cinsa.