Ƙannena masu ƙera manhaja, ku fara wuni a shago

Ƙannena na Yamai, ku da kuka fito Jami'ar Abdou Moumouni da masu kai da komo a CIPMEN, cibiyar renon ƙananan kamfanoni, da ku nake. Yanzu duk wanda ya ƙera manhajar shago ko ta sito, sai ya liƙa mata allon alƙaluma mai zane-zane da launi kala-kala. Bayan wata biyu sai a tarar Alhaji ya koma wa littafinsa da biro, allon kuwa ba mai leƙa shi. Abin nan yana ci mini rai, domin ilimin kuna da shi, wahalar ma kun sha. Tambaya ce ba ku yi ba.

Kafin ku taɓa kwamfuta, ku je kasuwar Katako ko ta Wadata ku wuni a shagon. Ku kasa kunne ku ji abin da mai dukiya yake tambayar yaronsa: me ya kusa ƙarewa, wa muke bi bashi kuma tun yaushe, wane kaya ne ya kwanta ya danne jari. Amsar waɗannan ita ce aikinku, kuma a inda ake ciniki ya kamata ta fito. Yaron shago ya taɓo sunan mai saye, nan take ya ga bashin da ke kansa da kwanakin da ya ɗauka, tun kaya ba su bar shago ba. Amfanin dasa nazari cikin manhaja ke nan. In sai an rufe shafin ciniki an je neman wani shafi daban, to an riga an ba da bashin.

Ku lura da yadda mutanenmu suke ƙirga. A kasuwa da dala ake magana, sefa 5 ke nan, sefa 1000 kuma jika. Hajiya mai hatsi buhu take saye ta sayar da tiya, mai kanti ya sayi katan ya sayar ɗai-ɗai. Manhajar da ba ta san tiya nawa ke cikin buhun wannan shago ba, ribar da za ta nuna ƙarya ce. Ita ribar ma ku zauna da mai shago ku daidaita a kanta: an cire kuɗin mota da na ƴan dako? An ware harajin TVA na kashi 19 cikin 100? Ranar da alƙalumanku suka saɓa da abin da ke cikin aljihunsa, daga ranar ya daina yarda da ku, kuma yana da gaskiya.

Sai maganar lokaci, wadda na fi so ku riƙe. Kayan nazarin da ake saukowa daga waje sun saba gwada watan Maris na bana da na bara. Mu kuwa cinikin sukari da dabino azumi yake bi, na raguna yana bin Layya, kuma kowace shekara suna matsowa da kusan kwana 11. Wanda bai saka kalandar Musulunci cikin lissafi ba, sai ya shaida wa ɗan kasuwa cewa ciniki ya faɗi, alhali azumi ne ya gusa. Haka mai albasar Galmi a jihar Tahoua. Farashi yana karyewa lokacin girbi, ya tashi bayan watanni, amma abin da aka adana a rudu, rumbun albasa na gargajiya, wani yana ruɓewa. Shi abin da yake son sani: in ya riƙe buhunansa, ƙarin kuɗin zai rufe asarar ruɓa? Ku ba shi wurin rubuta abin da ya lalace, in ba haka ba lissafin ya tashi a banza.

Kayan nazari irin su Metabase da Apache Superset da Power BI duk suna da hanyar dasawa cikin wata manhaja, ban hana ku ba. Amma ku gwada su a ƙaramar wayar Android, cikin zafin Afrilu da wuta ke yawan ɗaukewa, intanet yana yankewa. Ku ajiye bayanai cikin wayar da SQLite, wato ƙaramin ma'ajin bayanai, su haɗu da babban rumbun bayanai in layi ya dawo, kuma ku rubuta ƙarara lokacin da aka sabunta alƙaluman. Wanda bai yi boko ba, ku sama masa manyan lambobi da saƙon murya da Hausa ko Zabarmanci.

Don Allah ku ji tsoron Allah game da sirrin mutane. Sunayen masu bashi da lambobin wayarsu amana ne, ƙasa kuma tana da hukumar HAPDP mai kula da kare bayanan mutane. Yaron shago ya ga yawan kaya da farashin sayarwa, amma farashin sari da riba na mai dukiya ne shi kaɗai. Wannan shinge a can rumbun bayanai ake gina shi, ɓoye maɓalli a fuskar waya bai isa ba.

Bayan kun miƙa aiki, ku koma shagon ranar da ciniki ya fi zafi, ku tsaya gefe ku ga shafin da ake buɗewa. Wanda ba a taɓa ba ku tambayi dalili, sannan ku gyara shi ko ku cire shi.