Haƙƙin Ɗan Adam Bai Tsaya a Ofishin 'Yan Sanda Ba

A teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura na ji wani ɗan kasuwa yana cewa dokar haƙƙin ɗan Adam ta Turawa ce, kuma gwamnati da 'yan sanda kawai ta shafa, ba ruwanta da shagonsa ko makarantar 'ya'yansa.

Alhaji, ba haka ba ne. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, shugabannin Afirka ne suka amince da ita a Nairobi a 1981, Nijeriya ta mayar da ita dokar ƙasa a 1983. Sashe na 15 ya ce aiki ɗaya, lada ɗaya, na 17 kuma ya ba kowa haƙƙin ilimi. A 2010 ma kotun ECOWAS ta ce wajibi ne Nijeriya ta ba kowane yaro ilimin farko kyauta.

Gaskiyarsa ɗaya ce: babban nauyin yana wuyan gwamnati. Amma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 sun ɗora wa kowace sana'a, babba ko ƙarama, nauyin mutunta haƙƙin ma'aikacinta, har yaron da ke yi wa ɗan kasuwa dakon buhu da hantsi, lokacin da sa'o'insa ke aji.