Tsoffin kalmomin Turanci na karatu ne, ba na burga ba

Wata ɗabi'a ta yi yawa a Facebook, mutum zai je ya tono kalmar Turancin da su kansu 'yan Ingila suka binne tuntuni, ya cusa ta cikin rubutu kan tsadar fetur, sai ka ga ana ta jinjina masa wai ya sha boko. Mu dama a Najeriya muna son dogon Turanci, shi ya sa har yau ake yawo da bidiyon Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilai daga Edo, alhali yawancin masu dariyar ba su san me ya ce ba.

Ni fa ban ce a watsar da kalmomin ba. Suna da aiki, amma wajen karatu aikin yake. Duk wanda ya buɗe fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 ko ta Yusuf Ali ya ci karo da "thou" da "thee", haka ma a Baibul na Sarki James na 1611. Da yawa sun ɗauka kalmar girmamawa ce, to a'a, "thou" kai ne ko ke, mutum ɗaya, "ye" da "you" kuma ku ne. A zamanin Shakespeare ma babba ake ce wa "you", kamar yadda muke ce wa dattijo "ku", "thou" kuwa na yaro ne da bara da aminin mutum. Turancin yau ya narkar da su duka cikin "you", don haka wanda ya san tsohon bambancin zai gane ko ayar da mutum ɗaya take magana ko da jama'a, wanda bai sani ba ya wuce abinsa bai ma san ya rasa wani abu ba.

Waɗanda suka fi yaudara ma ba baƙin ba ne, waɗanda kake ganin ka sani ne. Da can "meat" kowane irin abinci ne ba nama kaɗai ba, "nice" wawa ake nufi, "let" kuma akwai wadda take nufin hanawa, har yanzu tana nan a fasfon Birtaniya. Ɗalibin adabi da bai san wannan ba zai fassara magana a juye yana ganin daidai yake, kuma ƙaramin ƙamus na waya ba lallai ya cece shi ba, sai irin babban na Oxford mai bin tarihin kalma.

Inda abin ke min ciwo shi ne takardun lauyoyi. Bawan Allah ya tara kuɗinsa zai sayi fili, a miƙo masa yarjejeniya cike da su "hereinafter" da "witnesseth", kunya ta hana shi tambaya, ya sa hannu kawai. A Ingilar kanta an daɗe ana fafutukar sauƙaƙa Turancin shari'a, tun 1999 suka sauya wasu tsoffin kalmomin kotu, mu kuma har yau lauya na ganin in takarda ta yi sauƙin fahimta kamar kuɗin aikinsa zai ragu.