"Ka Riƙa Leƙa Tanki Da Kara": Cin Mutuncin Da Na Sha Kan Agogon Mota

Ranar Talatar nan wani yaro da bai kai sa'an ɗana na fari ba ya dube ni a gaban jama'a, a kasuwar 'yan kayan mota cikin Kano, ya ce mutumin ƙauye ba ya bukatar agogon mota, in je in riƙa leƙa tanki da kara. Kuɗina na aljihun maigidansa, kayansu da ya ƙi aiki na hannuna, amma ni aka mayar abin dariya. Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina yana tafasa.

Ni direba ne, Golf 4 nake ja. Daga garinmu a ƙasar Garki nake kwasar 'yan kasuwa, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari, sauran ranaku kuma duk inda rabo ya kira. Ba sai na tsaya ina ba ku labarin kuɗin mai da na taya da na ƙungiya da na kan hanya ba, kowa ya san inda yake masa ciwo.

Agogon dashbod ɗina bai mutu rana ɗaya ba. Allurar mai ce ta fara kwanciya. Bayan ta sai ta zafin inji, wadda a Golf in lafiya lau take tsayawa cak a kan 90, ta koma tana tashi tana faɗuwa. Daga ƙarshe ta gudu ma ta bi su. Wanda bai taɓa tuƙi ba zai ce ai mota na tafiya, mene ne na damuwa? To, a bazarar bara, tsakanin Gujungu da Gumel, da rana tsaka, cikin azumi, ruwan lagireto ya tsiyaye, babu abin da ya gaya mini sai da hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Gaskit ya ƙone, sai da aka kai kan inji wajen masu gogewa. Fasinjojina suka zauna a gindin aduwa da ƙishirwa, wata tsohuwa tana ta yi mini sannu alhali ita ce abin a yi wa sannu. Kuɗin wannan gyara kaɗai ya ci ribar wata da watanni. Allura ɗaya ce da ta motsa a kan lokaci da na taka birki na tsira da injina.

Shi ya sa da aka yi girbi na sayar da riɗi, na ware naira 55,000 na shiga Kano. Aka nuna mini shago, aka ɗauko agogo daga tarin Baljiyam, yaron ya goge shi da gefen rigarsa ya ce, "Baba, wannan garau yake, jiya aka buɗe kwantena." Na tambaya ko zai hau motata. Ya rantse da Allah. Na biya.

A gida riwaya ya kwance sitiyari ƙasa, ya cire tsohon, ya jona sabon. Fitilu suka kama, muka yi hamdala. Na murza ki, mota ta tashi, kafin in ɗaga hannu ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton mota da makulli sai ƙiftawa take yi. Riwayan ya ce a irin wannan Golf na'urar hana sata tana cikin agogon ne, in aka canja shi dole a haɗa shi da ki da kwamfutar inji, in ba haka ba mota ba za ta yarda da makullinta ba. Wannan aiki ne na mai kwamfuta, kuma babu mai kwamfuta a garinmu. Sai ya ƙara duban fuskar agogon, ya kira ni. Jan layin da ke kan allurar juyin inji ya fara tun wajen 4,500, ga kuma alamar wata 'yar waya mai lanƙwasa. Agogon motar dizal ne. Motata ta fetur ce. Ko da an haɗa shi da kwamfuta, ƙarya zai riƙa yi mini.

Aka mayar da tsohon, na naɗe nasu a tawul, na hau motar haya na koma.

Na yi sallama. Yaron na kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana latsa waya. Bai amsa ba. Na sake sallama, ya ce "wa'alaikum" ba tare da ya ɗago kai ba. Na warware tawul na ajiye agogon a kan kanta, na ce, "Samari, kayan nan da ka ba ni na dizal ne, kuma ya hana motata tashi."

Ya ci gaba da latsa wayarsa. Sai da ya gama, sannan ya miƙo yatsu biyu ya juya agogon ya kifa shi. Ya ce, "Wannan ba namu ba ne."

Na nuna masa jan fentin da shagonsu ke ɗiga wa kaya, na ciro rasit. Ya karɓa, ya ɗaga shi sama kamar mai duba jabun kuɗi, ya ajiye yatsa a ƙasan takardar. Ya ce, "Baba, ka iya karatu? Kayan wuta ba a dawo da shi. Wa ya sani ko riwayanku na ƙauye ne ya ƙona shi?"

Na ce ai bai ƙone ba, ga shi nan yana kamawa, ba na motata ba ne kawai. Na ce ya duba lambar da ke manne a bayansa ya gwada da ta tsohon nawa, na rubuto ta a takarda. Duka da 1J0 suka fara, amma ƙarshensu daban. Ban nemi kuɗi ba ma, canji na nema.

Nan ya yi dariya. Ya waiwaya wajen abokansa ya ce, "Ku zo ku ga injiniya daga Jigawa." Sannan ya dube ni sama da ƙasa, har takalmina, ya ce, "Kai Baba, tsakani da Allah me za ka yi da agogo? Motar da awaki da buhun gero take ɗauka? Ka samu kara ka riƙa leƙa tanki, haka 'yan'uwanka suke yi. In ta yi zafi za ka ji wari."

Za ka ji wari! Wato sai inji ya ƙone, sai mutum shida sun zube a bakin titi, sannan na cancanci in sani. Allurar zafi ta masu zama a unguwar manya ta Nasarawa a Kano ce, mu hanci ya ishe mu. Ran da ke cikin motar ƙauye ba rai ba ne kenan. Geron da ya raina shi ya sha koko da safe, akuyar da ya raina ita zai yi layya da irinta, riɗin da na sayar na biya shi daga ƙasar da yake yi wa dariya ya fito. Ranar da na zo da kuɗi "Baba, bismillah, ga kujera" ne. Ranar da na zo da hakkina na zama injiniya daga Jigawa.

Maigidan yana ciki, carbi a hannu, yana jin komai. Na leƙa na ce, "Alhaji, kuna ji fa." Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, yaro ne. In kana son na fetur ka ciko dubu talatin, dala ta tashi." Bai tsawata masa ba ko da kalma ɗaya. Wannan shirun nasa ya fi maganar yaron yi mini ciwo, domin a nan na gane inda yaron ya koya.

Dala ta tashi. Komai dala. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta yi ta hawa har ta zarce 1,500 a farkon 2024. A lokacin da mai ya zama zinare, a lokacin ne direba ya fi bukatar sanin abin da ya rage masa a tanki, kuma a lokacin ne agogon da zai gaya masa ya fi ƙarfin aljihunsa. Ku leƙa motocin da ke tasha ranar kasuwar Maigatari, ku ƙirga nawa ne allurorinsu ke motsi. Wasu sun liƙe fitilar gargaɗi da baƙin salatif don kada ta dame su. Wani jarka yake yawo da ita a but kusa da ƙafar fasinja, kuma mun san abin da jarkar fetur ke yi in an yi karo.

Abin takaicin shi ne ƙasar nan ba haka ta taso ba. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Kamfanin da ya ƙera motar da nake ja, Volkswagen, a wancan lokacin yana da masana'anta a Legas. Ana haɗa manyan motocin Fiat a nan Kano, Steyr a Bauchi. Iyayenmu sun sayi 504 dal a leda, da kayan gyaranta sababbi a kwali. Gwamnatoci suka zo suka wuce, kowacce da jawabinta, suka bari abin ya durƙushe. Yanzu abin da Bature ya jefar a bola shi ake lodowa a kwantena, a biya masa kwastan, a sayar mana da tsada, a haɗa mana da zagi. Agogon da ya shekara ashirin a Jamus, ba wanda ya gwada shi, ba wanda ya tantance na fetur ne ko na dizal, na kilomita ne ko na mil.

A 2017 aka tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu. Madalla. Amma direban da allurar gudunsa ta mutu, wa ya tambayi inda zai samu mai kyau a farashin da zai iya? An iya kafa shinge a karɓi tara, ba a iya kafa wurin koyar da yaranmu aikin kwamfutar mota a Gumel ko Haɗeja ko Ringim ba. Sai mutum ya jawo mota ko ya ɗauko mai kwamfuta tun daga Kano, ya biya masa mota da abinci, don aikin da bai kai awa guda ba. Akwai dokar kare hakkin mai saye ta 2018, wadda ta ba mutum damar mayar da kayan da bai dace da abin da aka sayo shi dominsa ba. Wane direban ƙauye ne aka taɓa karanta wa ita a rediyo? Ina zai kai ƙara, da wane kuɗin mota?

Mu ma kanmu ba mu tsira ba. Dillalan mota suna mayar da lissafin kilomita baya, motar da ta gaji a sayar da ita a matsayin sabuwar shigowa. Bakanike ya cire fiyus ya ɗaura waya, gobe agogo ya ƙone ya ce ƙaddara. Kowa ya haddace hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kowa ya san shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya in an samu aibi, amma a buga "ba a dawo da kaya" a ƙasan rasit, a rufe shago a tafi sahun farko. Shugabannin kasuwanni da na ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗinmu kullum safiya, ku ajiye batir da soket a kowane layin 'yan kayan wuta, a gwada agogo a gaban mai saye, a gwada lamba da lamba kafin kuɗi ya canja hannu. Wanda ya sayar da na dizal a matsayin na fetur a sa shi ya canja, a kuma ci shi tara, ko da shi Alhaji ne.